Fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa idan inji ya ɗauki zafi: famfo ne ko metal?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a Daura, ina jigilar fasinja zuwa Katsina da Golf 3 mai injin fetur 1.8. Da safe fitilar baƙin mai tana mutuwa da zarar na tayar da mota, amma idan na iso Katsina da rana na tsaya a cunkoso sai ta riƙa ƙyaftawa, in na taka totur ta ɗauke. Kwanan nan kuma ƙarar gargaɗi ta yi kuka sau ɗaya ina cikin gudu. Wani bakanike ya ce famfon mai ne ya mutu, wani ya ce in zuba mai mai kauri da tiritmen, mai wayarin kuma ya ce zai iya kashe mini fitilar da ƙarar gaba ɗaya. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kiyaye hanya. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan uku tukuna, domin a cikin mutanen da ka ambata babu wanda ya ɗaura agogon awo a jikin injin ya ga adadin matsin man da idonsa. Biyun farko suna iya dacewa, suna kuma iya sa ka kashe kuɗi a banza. Ta mai wayarin kuwa ina roƙonka ka yi watsi da ita kwata-kwata, saboda fitilar nan da ƙarar nan su kaɗai ne za su sanar da kai inji yana cikin haɗari tun kafin ya buga. Tunda kuma ƙarar ta riga ta yi kuka kana cikin gudu, ra'ayina shi ne ka dakatar da lodi har sai an yi awon da zan bayyana maka, wanda aikin sa'a ɗaya ko biyu ne kawai.

Abin da direbobi da yawa, har da wasu kanikawa, ba su riƙe ba shi ne cewa famfo ba shi kaɗai yake samar da matsin mai ba. Aikinsa shi ne ya zuƙo mai daga kaskon da ke ƙarƙashin inji ta cikin rariya, ya tura shi ta filta, daga nan man ya bi hanyoyin da aka huda a cikin bulok zuwa metal ɗin karanshaf da na konrod, wato siraran ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsu, sannan ya hau sama zuwa kamshaf da tafet. Matsi yana samuwa ne domin wuraren da man zai fita ta cikinsu matsattsu ne ƙwarai. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san wannan: idan tiyo lafiyayye ne ruwa yana isa ƙarshensa da ƙarfi, idan kuwa ya huhhuje a tsakiya sai ƙarfin ya zube a hanya, alhali injin ban ruwan bai canza ba. A sabon injin Golf irin naka, tazarar da ke tsakanin karanshaf da metal ɗinsa milimita 0.02 zuwa 0.06 ce. Idan shekaru da ƙura suka ci metal har tazarar ta ninka, man da ke zurarewa ta wurin ba ninki biyu kaɗai yake ƙaruwa ba, ya zarce haka nesa, sai famfo ko da lafiyarsa ƙalau ya kasa cike gurbin.

Sai ka haɗa wannan da abubuwa biyu. Mai yana tsinkewa idan ya yi zafi, kuma man da ya sha tafiyar kilomita kusan 80 daga Daura zuwa Katsina a watan Afrilu, lokacin da zafin gari kansa ke haura digiri 40, ba ɗaya yake da man da ya kwana a kasko ba. Sannan famfo da inji yake juyawa, saboda haka a silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba, yake tura mafi ƙarancin mai. Zafi da silo idan suka haɗu, nan ne tsohon inji yake fara nuna gajiyarsa, kuma daidai nan fitilarka take ƙyaftawa. Wannan ya sa zuciyata ta fi karkata ga metal a kan famfo. Amma zato ne, kuma akwai abubuwa masu arha da yawa da ke kawo irin wannan alama, waɗanda ya kamata a kawar da su kafin a taɓa sifana.

Fitilar kanta ba ta auna komai. Wani ɗan suwic ne aka ɗaura a kan hanyar mai, wanda ko dai ya haɗa wuta ko ya yanke, babu tsaka-tsaki. A yawancin motoci yana kunna fitila ne idan matsi ya faɗi ƙasa da kusan bar 0.3 (bar ma'aunin matsi ne), wanda ɗan kaɗan ne ƙwarai, domin inji mai gudu a kan titi yana buƙatar ninkin hakan sau da yawa. Ke nan mutuwar fitila ba shaidar lafiya ba ce, tana nufin kawai an haura wannan ɗan matakin. Kamfanin Volkswagen ya lura da wannan giɓi, shi ya sa Golf 2 da Golf 3 suke da suwic biyu. Na farko, mai kusan bar 0.3, yana kan inji daga sama, shi ne yake kula da silo. Na biyu yana jikin mazaunin filta, kuma a yawancin injinan fetur na bar 1.8 ne, mai farin kai, ko da yake wasu injinan suna amfani da na 1.4 ko na 0.9, kuma lambar tana rubuce a jikin kowane. Shi na biyun ba ya magana sai inji ya wuce juyi 2000 a minti: idan a lokacin matsi bai kai adadinsa ba, sai fitila ta ƙyafta ƙara kuma ta yi kuka. To ka ga alamominka biyu daga bakin shaidu biyu daban suka fito, ɗaya yana cewa matsi ya yi ƙasa a silo, ɗaya yana cewa ya gaza a cikin gudu. Da wuya suwic biyu su lalace a lokaci guda, kuma wannan ne ya sa ban ɗauki maganarka da wasa ba.

Duk da haka a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ka tsayar da motar a wuri mai daidai, ka kashe ta, ka ba ta minti biyar, sannan ka zaro sandar geji ka goge ka sake tsomawa. Idan mai ya yi ƙasa, rariya tana zuƙar iska a kwana ko lokacin taka birki, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ƙara ta yi kuka sau ɗaya ta yi shiru. Idan ya wuce layin sama ma matsala ce, domin karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi. Ka shinshina man, ka murza shi tsakanin yatsu. Idan yana warin fetur, ko ka ga yana ƙaruwa da kansa ba ka ƙara ba, to fetur yana gangarawa cikinsa yana tsinka shi, kuma an fi ganin haka a motocin da injekta ke ɗiga ko waɗanda aka mayar kafireta ba a daidaita ta da kyau ba. Idan ya yi fari-fari ko ruwan ƙasa mai kauri, ruwa ya shiga, ko ta gasket ɗin kan inji ko ta na'urar sanyaya mai da wasu Golf ke da ita a saman filta. Ka kuma duba ko silon motar bai yi ƙasa da yawa ba, ko fanka tana tashi a kan lokaci, ko lagireto bai toshe ba, domin injin da ke yawan zafi yana dafa mansa fiye da ƙima.

Sai ka tambayi kanka gaskiya: wane mai ne a ciki, kuma a ina aka saye shi? Man awo da ake ɗiba daga durom ba a san asalinsa ba, da na galan da aka sake cikawa aka liƙe, suna iya yin kauri a hannu da safe amma su tsinke sarai da zarar sun ɗauki zafi. Filta ma haka. Ta jabu takardarta tana iya murƙushewa, kuma sau da yawa ba ta da robar da ke hana mai komawa kasko idan mota ta kwana, shi ya sa wasu motocin fitilarsu ke daɗewa kafin ta mutu da safe ana jin tafet na kaɗawa. Idan akwai shakka ko kaɗan a kan man ko filtar, a yi juye da mai na gaskiya da filta mai kyau kafin awo, don kada a auna lalataccen mai a ɗora wa inji laifi. Tsohuwar filtar kuma kada a jefar da ita. A yanka ta, a buɗe takardar a rana, a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, fari ko mai launin tagulla. Idan akwai, to metal ya riga ya fara zuba, kuma rabin amsar ta samu.

Aikin mai wayarin na gaskiya a nan ɗan kaɗan ne. Ya duba ko mai yana tsattsafowa ta kan suwic inda waya ke shiga, wanda alama ce ta cewa robar cikinsa ta fashe. Ya duba ko wayar suwic na farko ta goge tana taɓa jikin inji, domin hakan yana kunna fitila ba gaira ba dalili. Na biyun kuwa akasin haka yake aiki: idan wayarsa ta tsinke ko bakinta ya yi datti, ƙara za ta yi kuka da zarar an wuce juyi 2000 ko da matsi lafiya lau. Ya kuma tabbatar ba a musanya wayoyin biyu ba, kuma ba a ɗaura suwic mai wata lamba daban ba a wani gyara na baya. Abin da wasu ke yi, wato su cire wayar farko su kuma haɗa ta biyu da bodi don ƙara ta yi shiru har abada, shi ne abin da aka yi maka tayi, kuma motocin haya da dama da injinsu ya kafe a tsakiyar hanya da fasinja a ciki an yi musu wannan aikin tun da daɗewa.

Yanzu ga awon kansa. Ana buƙatar agogon matsin mai na hannu, mai allura da tiyo, wanda ke karanta daga sifiri zuwa bar 7 ko 10. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan aikin kanikanci, kuma garejin da ke sauke inji amma ba shi da wannan agogon, a ganina yana aiki ne da ka. A kwance suwic ɗin da ke mazaunin filta a ɗaura agogon a gurbinsa. A kula da zaren, domin na Volkswagen M10 ne mai tazarar milimita 1, na Toyota kuma wani iri ne daban mai kama da shi a ido, kuma idan aka tilasta wanda ba nasa ba za a cinye zaren mazaunin. A tayar da inji da sanyinsa a rubuta abin da allura ta nuna. Daga nan sai a bar shi ya yi zafi na haƙiƙa, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure, domin ruwa yana riga mai ɗaukar zafi, saboda haka tashin fanka sau ɗaya a cikin gareji bai isa ba. Ya fi kyau a zaga da motar na minti ashirin ko talatin, ko a yi awon da zarar ka dawo daga tafiya, tunda a wannan yanayin ne ciwon yake bayyana. Sai a rubuta adadi a silo, a juyi 2000, da kuma a juyi 3000, a kuma lura da yadda allurar take motsi, ko tana hawa a natse ko tana rawa. Idan da hali a maimaita a gurbin suwic na sama, tare da sanin cewa can ƙarshen hanyar mai ne, dole adadinsa ya ɗan yi ƙasa da na wurin filta.

Ma'aunin da Volkswagen ya bayar ga waɗannan injina shi ne aƙalla bar 2.0 a juyi 2000 idan zafin mai ya kai digiri 80, kuma kada ya wuce bar 7 a gudu mai yawa. Idan agogon da aka samu da psi yake karantawa, bar 1 daidai yake da psi 14.5, wato ana neman kusan psi 29. Kowace mota da nata adadin, kuma wannan yana da amfani ga masu karatu da ba Golf suke ja ba. Toyota Camry mai injin 2.2 na shekarun 1990 ta yarda da bar 0.3 a silo, amma tana neman bar 2.5 zuwa 5.0 a juyi 3000. Tsofaffin Marsandi irin su 190, masu allurar matsi a dashbod da ke ƙarewa a 3, su ma an yarda allurar ta sauka har 0.3 a silo idan inji ya yi zafi, da sharaɗin ta tashi nan take idan aka taka totur. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar kanikawa ta psi 10 ga kowane juyi 1000, wadda take taimakawa idan ba a sami littafin motar ba, amma ba ta maye gurbinsa.

Fassarar waɗannan lambobi ita ce ainihin aikin. Idan agogo ya nuna matsi mai kyau a silo da kuma a gudu, da zafi, to ka gode wa Allah, laifin na suwic ne ko waya ko allon dashbod, kuma gyaran bai kai kuɗin lodi ɗaya ba. Idan matsi ya yi sama sosai da sanyi, bar 4 ko 5, amma yana zamewa a hankali yayin da inji ke ɗaukar zafi har ya kusa taɓa ƙasa a silo, kuma a juyi 2000 da ƙyar yake kai 1.5, wannan ita ce sananniyar alamar metal da ya ci. Famfon da ya iya kai bar 5 da safe bai mutu ba, mai ne yake tserewa ta tazarar da ta buɗe. Idan kuwa matsin ƙasa yake tun daga sanyi, kuma taka totur ba ya ɗaga shi yadda ya kamata, sai a tuhumi famfo, ko bawul ɗin rage matsi da ke jikinsa. Wannan bawul ɗan fistan ne da sifirin a bayansa, aikinsa ya buɗe ya mayar da rarar mai kasko idan matsi ya yi yawa, kuma ɗan tsakuwar datti ɗaya tana iya maƙale shi a buɗe.

Akwai yanayi na huɗu da nake so bakanikenka ya sa wa ido musamman, saboda ƙarar da ka ji a cikin gudu. Idan matsi yana da dama-dama a silo, ya fara hawa da totur, amma da aka kai juyi 2500 ko 3000 sai ya tsaya, ko ya faɗo, ko allura ta riƙa rawa, to famfo yunwa yake ji, wato ba ya samun man da zai zuƙa. Dalili mafi yawa shi ne rariya ta toshe. A garejinmu abin da ya fi toshe ta ba daskararren mai ba ne kaɗai, har da gam ɗin da ake lafta wa bakin kasko da murfin tafet a maimakon gasket. Idan aka ɗaure noti rarar gam ɗin tana matsowa ciki, zafi ya tsinka ta, ta faɗa kasko, rariya ta tattara ta. Dalili na biyu shi ne kasko ya lotsa. Golf mota ce mai ƙasa, ga lodin fasinja da kaya, ga tudun kan titi da ramukan hanyoyin kasuwannin ƙauye, bakin rariya kuwa milimita kaɗan ne tsakaninsa da gindin kasko, saboda haka lotsawar da ba ta kai ta zubar da mai ba tana iya rufe masa baki. Ka leƙa ƙarƙashin motarka yau ka gani. Na uku shi ne bututun rariyar ya tsage ko mahaɗinsa ya saki yana shan iska. Kuma ba abin mamaki ba ne a sami biyu a haɗe, wato rariya da ta daɗe a toshe ta riƙa hana metal mai har shi ma ya ci.

Duk inda awo ya nuna matsi ya gaza kuma an tabbatar da ingancin mai, mataki na gaba shi ne sauke kasko, wanda a Golf ana yinsa inji yana cikin mota. A duba abin da ya kwanta a gindinsa. A wanke rariya har haske ya riƙa ratsa ta. A kwance famfo a buɗe murfinsa a ga ko haƙoran sun zana shi, a kuma auna da filla gej, wato siraran fallayen ƙarfe na auna tazara: iyakar wasa tsakanin haƙoran biyu milimita 0.20 ce, tsakaninsu da murfi kuma 0.15. A tura bawul ɗin rage matsi a ji ko yana tafiya sumul. Sannan, tunda an riga an buɗe, babu dalilin mayar da kasko ba a kwance ko da konrod ɗaya da babban metal ɗaya, wato na karanshaf, an duba ba. Metal da ya nuna jan tagulla, ko ya yi zane-zane, ko ya yi sulɓi a gefe ɗaya, ya gama aikinsa. Ido kaɗai ba ya isa, shi ya sa ake amfani da zaren awo na Plastigage, wanda ake shimfiɗawa a kan karanshaf a ɗaure murfin a kwance a auna faɗin da ya baje. Iyakar da aka sa wa wannan injin ita ce milimita 0.12 a konrod da 0.17 a babban metal.

Akwai wani wuri a injin Golf na wannan zamani da ake yawan mantawa da shi. Famfon mai ba daga karanshaf kai tsaye yake samun juyi ba, daga wani ƙaramin shaf na tsakiya ne wanda bel ɗin tayimin ke ja, shi ne kuma yake juya distirbuta. Wannan shaf yana da nasa bushin a cikin bulok, waɗanda su ma da matsin mai suke aiki, kuma idan aka saba ɗaure bel ɗin tayimin tamau, na gaban yana cinyewa. Sai ka ga an canza famfo, an canza metal, amma fitila ba ta daina ƙyaftawa ba, domin ƙofar da man ke tserewa tana nan a buɗe. Duk wanda zai sauke maka inji ka tambaye shi wannan shaf ɗin, amsar da zai ba ka za ta nuna maka ko ya san injin.

Game da mai mai kauri, ba zan ce maka haramun ba ne. Littattafan motocin wancan lokaci sun yarda da 15W-40 da 20W-50 a ƙasashe masu zafi, kuma ga tsohon Golf a Katsina 20W-50 na gaskiya zaɓi ne mai kyau. Idan awo ya nuna matsinka yana bakin iyaka, babu ƙara, babu ɓurɓushi a filta, kuma da siririn mai kake tafiya, komawa 20W-50 yana iya ba ka watanni kana tara kuɗin gyara. Amma ka san cewa lokaci ka saya, ƙarfen da ya ci bai dawo ba. Tiritmen mai yauƙi da ake ƙarawa a kai kuwa ba na ba da shawararsa, domin da sanyin safiyar hunturu yana jinkirta isar mai sama a daidai lokacin da inji ya fi buƙatarsa, kuma idan rariya ce ta toshe, kauri ƙara wa famfo wahalar zuƙa yake yi. Masu sababbin motoci da aka rubuta musu 5W-30 ko 0W-20 kuma kada su ɗauki wannan magana tasu ce, hanyoyin man injinsu sun fi ƙanƙanta. Haka nan dabarar cusa wosha a bayan sifirin ɗin bawul don a ƙara matsi ba ta magance irin ciwonka, domin a silo da zafi bawul ɗin a rufe yake tun asali, ba ta nan man ke fita ba. Abin da wosha ke ƙarawa shi ne matsin safiya, wanda ya riga ya isa, har yakan kumbura filta.

Idan ta tabbata metal ne, to a yi aikin sau ɗaya a yi shi daidai. Zura sabon metal a kan karanshaf da ya zane ko ya daina zama da'ira ɓarnar kuɗi ce, ba ya daɗewa. A auna karanshaf da maikuromita, idan yana buƙatar gurzawa a kai shi wurin masu injin gurza, a rage shi da milimita 0.25 ko 0.50, sannan a sayi metal mai daidai wannan lambar. Sau da yawa motar da fitilarta ke kamawa mako guda bayan an sauke inji, binciken yana ƙarewa ne a kan cewa an ɗaura metal na asali a kan karanshaf da aka taɓa gurzawa. A wanke hudojin mai na karanshaf da na bulok sosai bayan gurza, a ɗaure noti da sifana mai awo, a yi amfani da gasket a bar lafta gam, a cika famfo da mai kafin a mayar da shi, kuma a sake ɗaura agogo a tashin farko. A irin wannan babban aiki ni ma ina goyon bayan sa sabon famfo mai inganci, domin ɓurɓushin tsohon metal ta cikin tsohon famfon ya bi.

Ka kuma nemi abin da ya ci metal ɗin, don kada sabon ya bi sahunsa. A ƙasarmu ƙura ce kan gaba, ta hunturu da ta hanyoyin burji, wadda ke shiga ta filtar iska da ta yage ko aka cire, ko ta mazurari da galan da aka ajiye a ƙasa ana ƙara mai da su. Cire tamostat da aka mayar al'ada shi ma yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, fetur da raɓa su taru a cikin mai su zama laka. Sai tazarar juye: kai da kake yin kusan kilomita 160 a zuwa da dawowa ɗaya, cikin wata guda ka cinye kusan kilomita 5000 ko da sawu ɗaya kake yi a rana, saboda haka lissafin juyenka da kilomita ya kamata ya kasance, ba da watanni ba.

Kafin a yi wannan awo, idan dole ta sa ka motsa motar zuwa gareji kuma fitila ta kama ta tsaya, ko ƙara ta yi kuka ba ta daina ba, ko ka ji bugu mai nauyi daga ƙasan inji da ke bin totur, ka gangara gefe ka kashe nan take, ka nemi janwe, kada ka ce bari in ƙarasa tasha. Inji marar mai cikin daƙiƙoƙi yake cinye metal, kuma idan konrod ya fasa bulok babu sauran gyara. Idan kuma lissafi ya nuna maka sayen injin Beljiyam ya fi sauke wannan sauƙi, ko a Katsina za ka saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka yi sharaɗi da mai sayarwa tun kafin ka biya cewa za a ɗaura agogon nan a jikinsa bayan ya yi zafi sosai, kuma idan bai kai bar 2.0 a juyi 2000 ba za ka mayar masa da kayansa.